Yadda Ake Fige Ganyen Inabi Don Gyara Ɗanɗano Da Ƙamshinsa

A gonakin inabin giya na Bordo da kwarin Luwar a Faransa, da yankin Finger Lakes na jihar New York a Amurka, manoma kan bi layi-layi suna fige ganyen da ya lulluɓe 'ya'yan. Aikin ba shi da wuya a hannu, amma ranar da aka yi shi da gefen da aka fige su ke yanke hukuncin yadda inabin zai fito.

Da farko ka san irin inabin da ke gonarka, domin kowane iri da abin da rana ke yi masa. Cabernet Franc da Cabernet Sauvignon da Merlot da Sauvignon Blanc suna tara wani sinadari mai suna methoxypyrazine, wanda ke ba su warin ɗanyen koren tattasai. Hanci na kama shi ko da kaɗan ne ƙwarai: kimanin nanogiram 15 (nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram) a lita ɗaya ta jar giya ya isa a ji shi. Inuwa ce ke sa ya taru, haske kuwa ya hana shi. Riesling kuma akasin haka ne. In rana ta yi masa yawa, sinadarin TDN na ƙaruwa, daga baya a ji warin kananzir a kwalba. Shiraz yana da ƙamshin masoro da ke fitowa daga sinadarin rotundone, shi ma ya fi son sanyi da ɗan inuwa. Muscat na ƙara ƙamshin fure in ya sami matsakaicin haske. Saboda haka mai Cabernet zai saki hannu, mai Riesling ya riƙe nasa.

Na biyu, zaɓi lokaci. Nan ne gizo ke saƙa.

In ka fige ganye kamar shida na gindin kowane reshe kafin fure ya buɗe, ka rage wa furen abinci ke nan, sai kaɗan daga ciki su zama 'ya'ya. Gungun zai fito sakwa-sakwa, iska na ratsa shi, ɓawon ya yi kauri, ruɓa ta ragu. Stefano Poni da abokan aikinsa a Piacenza ta Italiya sun gwada wannan a kan irin inabin Sangiovese. Sai dai amfanin gona zai ragu, don haka dabarar ta dace da irin da gungunsa ke cushewa ne, ko kurangar da ta saba ɗaukar kaya fiye da ƙarfinta.

Lokacin da na fi yarda da shi ga mafi yawan gonaki shi ne bayan fure ya zube, daga ƙulla 'ya'ya zuwa sa'ad da suka kai girman ƙwayar wake. A wannan tsakanin ne methoxypyrazine ke taruwa, kuma yakan kai ƙololuwa kafin inabin ya fara sauya launi. Ka buɗe gungun da wuri, ka tare shi tun bai taru ba. Ƙari a kan haka, 'ya'yan da suka ga rana tun suna ƙanana kan saba da ita, ɓawonsu ya tara sinadaran flavonol masu kare shi.

Wanda ya jira har launi ya fara juyawa ya makara a kan warin tattasai. Abin da ya fi muni, ya fito da 'ya'yan da suka girma a inuwa ya miƙa wa zafin Yuli da Agusta na Turai da Amurka. Cikin kwana biyu sai ka ga gefen da ya fuskanci rana ya yi ruwan ƙasa, ya yamushe, wani ma ya bushe ƙayau a jikin gungun.

Na uku, gefe. In layukan sun miƙe daga kudu zuwa arewa, fige gefen gabas, wanda hantsi ke bugawa ya busar da raɓa. Bar na yamma. An auna Merlot a jihar Washington ta Amurka, aka ga 'ya'yan da rana ke duka kai tsaye kan fi iskar wurin zafi da kusan digiri 13 a ma'aunin Celsius. Jan launin ɓawo yana son haske, amma da zafin ƙwayar ya haura wajen digiri 35 sai haɗa shi ya ja baya. Tsamin malik, wato wani sinadarin tsami da ke cikin 'ya'yan, shi ma zafi na cinye shi, inabin ya rasa kaifinsa. A wuri mai sanyi da yawan ruwa kamar Finger Lakes ana iya buɗe gefe biyu. Masu noman inabin ci a Kudan ta jihar Kaduna, in za su ari dabarar don maganin ruɓa da damina, ganye ɗaya ko biyu na cikin duhuwa ya wadatar, domin ranarmu ba ta da sauƙi.

Sai figar kanta. Da safe, kama ganyen a ƙarshen tsinkensa, ka karya shi ƙasa da babban yatsa. Cire biyu zuwa huɗu da ke daura da gungun, da ƙananan tohon da ke fitowa a hammatarsu. Ganyen da ke saman gungun ka bar shi ya kare shi daga ranar tsaka. Manyan gonaki na amfani da injin da ke hura iska ko tsotse ganye, amma hannu ya fi iya zaɓe.

Kada ka wuce gona da iri. Ganye ne ke haɗa sukari, kuma kowane kilo ɗaya na inabi na bukatar kusan murabba'in mita ɗaya na ganye kafin ya nuna sosai. In kurangar ba ta da ƙarfi, har kana hango gungu daga nesa, ƙyale ta.

Ka bar layi ɗaya ba ka taɓa ba. Bayan mako biyu koma ka cire tohon da ya sake rufe wurin. Gab da girbi ka tauna ɓawo daga layin da ka fige da wanda ka bari, ka auna sukari da tsaminsu, ka rubuta tare da ranar da ka yi figar, don ka san ko baɗi za ka matso da ita gaba ko ka rage hannu.