Yadda za ka kashe gundura da waƙa a rumfar POS ba tare da kuɗin oga sun yi ciwon kai ba

Na fara zaman POS ne lokacin yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, wanda aka shiga a watan Fabrairu ba a janye ba sai Oktoba, wata takwas cur muna gida. Da aka koma makaranta ban saki aikin ba, don da shi nake kuɗin mota daga Kabuga zuwa sabuwar BUK, da shi nake fotokofin handawut. Kafin in fara abin da nake tsoro ɓarayi ne da 'yan alat na bogi, ashe babban abin da ke cin mutum a rumfar nan zaman shiru ne. Daga an idar da azahar har zuwa la'asar layin yakan mutu murus, rana ta ƙwalle, kwanon rumfa ya ɗau zafi, kai kaɗai sai na'ura da ƙudaje, ka duba agogo ka ga minti 4 kacal ya wuce tun dubawar ƙarshe. Duk ɗalibin da ke tsaron shago, ko wajen cajin waya, ko kyamis, ya san wannan lokacin. Waƙa ce ta riƙe ni, amma sai da na koyi yadda ake jin ta a bakin aiki, kuma koyon bai zo a kyauta ba.

Abu na farko, kunne ɗaya naka ne, ɗayan na kwastoma. Kar ka taɓa toshe duka biyun da iyafis. Ni na dama nake barin a buɗe don ta nan tagar take. Da zarar mutum ya tsaya a gabanka, cire ɗayan ma, ba rage sauti ba, cirewa gaba ɗaya ya gani da idonsa. Dattijo ya yi maka sallama sau biyu kana kaɗa kai ba ka amsa ba, wallahi ba zai ce maka komai ba, gobe dai za ka hango shi a rumfar da ke tsallaken titi. Kuma ba maganar ladabi kaɗai ba ce, maganar lissafi ce. Wata rana wata baiwar Allah ta zo cire dubu 15, ina tsakiyar baitin da nake so, bakina yana bin waƙar hannuna yana ƙirga 'yan ɗari biyar-biyar, na miƙa mata ta tafi. Sai da dare wajen haɗa lissafi na ga giɓin dubu 2, na juya risit ɗin nan ya fi sau biyar, daga albashina aka cire, kuma oga bai zalunce ni ba don laifina ne. Ƙirga da baki ake yi ko da a zuci ne, waƙa mai kalmomi kuma wajen nan ɗaya take nema a kanka, shi ya sa ba sa haɗuwa. Haka ma in za ka shigar da lambar akawun, lamba 10 ce, ɗaya ta kauce kuɗin mutum sun tafi wajen wanda bai san shi ba. Dakatar da waƙar, karanto masa sunan da ya fito, ya ce eh shi ne, sannan ka danna.

To sai maganar me za ka ji, nan ne na fi daɗewa kafin in gane. Da farko abin da nake so shi nake sawa, waƙoƙin soyayya na zamani, safe da rana da dare guda goman nan dai, cikin sati biyu suka gundure ni har na tsani wadda na fi ƙauna. Waƙar da ka saba ji a gida kana hutawa, in ka mai da ita ta wajen aiki ka kashe ta, duk sanda ka ji ta sai ka tuno zafin rumfa. Yanzu raba su nake da lokaci. Da safe, daga buɗewa zuwa wajen ƙarfe 11 akwai jama'a, masu zuwa kasuwa da masu kuɗin cefane, ba na sa komai sai rediyo ƙasa-ƙasa. Lokacin mutuwar layi shi ne na dogayen waƙoƙi, kuma a nan na gano kiɗan gargajiya da a da nake ganin na su Baba ne. Waƙar kalangu ko ta kotso mai minti 15 ko 20 tana cinye lokaci yadda 'yar minti 4 ba za ta iya ba, don labari ake ba ka, ana kawo sunan garuruwa da kirari da habaici, sai ka kasa kunne ka ji ina aka dosa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce tal, amma sai ka yi awa guda kana bin ta ba ka sani ba, ga shi yawancin abin da yake waƙa a kai rayuwar masu ƙaramin ƙarfi ce irin wadda ke wucewa ta gaban tagarka. In barci ya fara fizgata wajen ƙarfe 3, sai in juya jitar Buzaye ta wajen Agadas, ba na jin Tamashek ko kaɗan, kuma wannan ne amfaninta, kiɗan yana tashe ni kalmomin ba sa ɗauke min hankali, har handawut nake iya dubawa da ita.

Karatu kuwa gaskiya kar ka yaudari kanka. Ba a haddar ma'anoni da waƙar Hausa a kunne, na gwada, shafi ɗaya na maimaita sau uku ban riƙe komai ba. Abin da ya yi min aiki shi ne da daddare in karanta handawut da ƙarfi in naɗi muryata a waya, minti 10 zuwa 15 kowane darasi, washegari a rumfa in sa shi tsakanin waƙoƙi. Satin tes kusan rabin abin da ke kunnena muryata ce. In malaminku ya yarda a naɗi lakca to ya fi, amma ka tambaye shi tukuna.

Data. Kar ka ji waƙa kai tsaye daga intanet a wajen aiki, balle bidiyo a YouTube. Waƙa mai matsakaicin inganci tana cin kusan MB 1 a minti ɗaya, ka ga awa 8 ya tasam ma MB 500, kullum fa, ribar zaman naka ta tafi a data. Sauke su tun a gida ko inda ka samu wayfay, Audiomack da Boomplay duk suna bari ka sauke ka ji ba data, ko ka karɓa wajen abokai ta Xender, ko ka je wajen masu tura waƙa su cika maka memori. Memori mai GB 8 zai ɗauki waƙa sama da 1,000. Sannan yawancin Tecno da Itel suna da rediyon FM a ciki, sai dai sai ka jona iyafis mai waya don igiyar iyafis ɗin ce eriyarsa, ba ya cin data kuma cajin da yake ci kaɗan ne. Maganar caji ma, in wayar da kake ganin alat da ita ita ce ta waƙa, to raba su, nemi 'yar ƙaramar waya mai madannai ko ta hannu ce a kasuwar waya ta Farm Center, ta zama ta kiɗa. Ba abin da ya kai takaicin kwastoma ya ce ya tura, kai kuma wayarka ta mutu saboda waƙa.

Kunnenka kuma amana ne, wannan ina faɗa da gaske don na taɓa rufe rumfa ina jin wani siririn ƙara yana min kuwwa har na kwanta. A bakin titi ana ƙure sauti ne don a danne hon ɗin 'yan adaidaita da janareton maƙwabta, a nan ɓarnar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a sati, amma in ya kai 90 awa 4 ne kacal a satin gaba ɗaya. Mu da ba mu da abin awo, shawarar ita ce kar sautin ya wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin wayar. In wayar ta nuno maka gargaɗin nan lokacin da kake ƙara sauti, tsaya a nan. Ka riƙa sauya kunne, bayan kowace awa ka cire ka huta, iyafis ɗin ma a goge shi, gumi da ƙura suna taruwa a ciki.

Wasu sun fi son sa MP, wato ƙaramar sifika, a kan tebur maimakon iyafis, yana da kyau don kunnuwa biyu a buɗe suke, amma daga nan waƙar ta zama ta kowa. Abin da ba za ka iya ji a gaban mahaifiyarka ba kar ka sa shi, don matan aure da yara da malamai duk suna tsayawa a tagar nan. Da an fara kiran sallah a kashe. Cikin kwastomominka akwai waɗanda ba sa jin kiɗa sam saboda fahimtarsu ta addini, in irinsu suka zo ka kashe ba sai sun roƙa ba. Kai ma in kana cikinsu tsarin duk ɗaya ne, karatun Alƙur'ani ko tafsiri ko shirye-shiryen rediyo sai su hau gurbin waƙar. A azumi ni ma haka nake yi.

Kuma tun ranar farko ka tambayi oga. Ce masa "Oga, in ba mutane ina ɗan sa abu a kunne ɗaya, ko akwai damuwa?" Nawa ya ce ba komai in dai lissafi na cika, bayan maganar dubu 2 ɗin nan ya hana ni na wata guda, daga baya da ya ga sati huɗu ko sisi bai ɓata ba shi da kansa ya ce in ci gaba, har ya turo min tsofaffin waƙoƙin kalangu da ke cikin wayarsa, su nake ji yanzu tsakanin azahar da la'asar.