Yadda Ake Koyon Haɗa Kati Mai Tashi Daga Littafin Masu Fara Koyo

Kati mai tashi shi ne wanda da zarar an buɗe shi sai wani abu ya miƙe daga cikinsa, soro ne ko bishiya ko bakin tsuntsu, in an rufe kuma ya koma ya kwanta kamar babu shi. Ba igiya a ciki, ba roba. Buɗe shafin ne yake jan komai, kuma ƙarfin daga wuri ɗaya yake fitowa, wato ninkin tsakiyar katin. Duk awon da za ka yi daga nan ake fara shi. Mafi yawan katunan da suka ƙi rufuwa ko suka yage, in ka bi diddigi, a wannan layin aka yi sakaci.

Kafin ka taɓa almakashi

Yawancin littattafan koyon wannan aiki da Turanci aka rubuta su, amma zane ya fi rubutu amfani a cikinsu, don haka ƙarancin Turanci ba zai hana ka ba. Fara da neman shafin da aka bayyana ma'anar layuka. A bisa al'ada, layi miƙaƙƙe wurin yanka ne, layi mai tsinke-tsinke kuma wurin ninki. Ninki iri biyu ne: na kwari, wanda takarda take lotsawa ciki, da na tudu, wanda take tasowa wajenka kamar kunya a gona. Kowane marubuci da alamar da yake ba su, saboda haka kada ka ɗauki ta wannan littafi ka kai wancan.

Sai batun awo. Littafin da aka buga a Amurka da inci yake magana, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Takardarsu ma ba irin tamu ba ce: tasu santimita 21.6 ce da 27.9, A4 ɗin da muke samu kuwa 21 ce da 29.7. In ka kai shafi a yi maka fotokwafi, ka ce wa mai injin ya bar shi a girmansa, sannan ka auna layi ɗaya da rula ka gwada da na littafin kafin ka bar shagon.

Kada ka tsallake zuwa babin ƙarshe don hotonsa ya burge ka. Kowace dabara ka haɗa ta da farar takarda, ba fenti ba ado, sau uku ko huɗu, ka rubuta awon a jikinta da fensir ka ajiye. Nan da wata guda za ka tara abin dubawa da ya fi littafin amfani, tunda naka yana motsi.

Kayan aiki

Littafi zai lissafa maka wuƙa ta musamman da tabarmar yanka da ƙashin goge ninki. Wanda yake Ɓaɓura ko Garko ba sai ya jira waɗannan ba. Sabuwar reza ta isa, ka naɗe gefe ɗaya da salatif don yatsa. Ka shimfiɗa kwali mai kauri a kan katako ka yi yanka a kai. Rular ƙarfe ta fi, domin reza tana fere ta roba har bakinta ya karkace. In babu, bayan tsohon zarton yankan ƙarfe ma miƙaƙƙe ne. Biron da tawadarsa ta ƙare shi ne na shata layin ninki, bayan cokali kuma na danne shi. Ma'aunin kusurwa yana nan cikin gwangwanin kayan lissafi na 'yan makaranta.

Takardar rubutu mai giram 80, kamar yadda ake rubutawa a jikin kunshinta, ta gwaji ce kawai. Abin da zai tsaya yana son mai giram 160 zuwa 220, gindin katin kuma ya ɗan fi haka kauri. Kwalin zane da ake sayarwa a shagon littattafai ya yi. Tsofaffin katunan ɗaurin aure ma suna da kyau ƙwarai, haka kwalin sukari da na shayi, sai dai fuskarsu mai sheƙi ba ta kama gam, sai an kankare wurin da reza tukuna.

Takarda tana da jijiya kamar kara. Ka tanƙwara ta a tsaye ba tare da ka ninke ba, ka sake tanƙwarawa a kwance. Ɓangaren da ya fi saurin ba da kai shi ne bin jijiya, kuma ninki a nan ya fi fita sumul. In dole ne ka ninke ta ɗaya ɓangaren, ka shata layin da kyau da biro a fuskar da za ta zama cikin ninkin, in ba haka ba bayan ya farfashe.

Farin gam na kafintoci shi ne ya fi dacewa, ɗan kaɗan, a shafa da tsinken ashana. In ya yi yawa takarda ta jiƙe ta yi ƙudundune. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa yana sandarar da takarda ta karye a wurin ninki, ka bar shi. Ƙaro, wanda ba ya wuya a Jigawa, in an jiƙa awo ɗaya cikin ruwa awo biyu ya kwana aka tace, yana liƙa ado, amma kada ka dogara da shi a wurin da ake ja, don yana saki da damina.

Dakali

Wannan ita ce dabarar farko, ta katin da ake buɗewa rabi ya tsaya kamar bango da daɓe. Ninke A4 gida biyu, baki ya hau baki daidai, ka goge da cokali. Kowane shafi yanzu santimita 14.8 ne daga ninki zuwa baki. Daga bakin ninkin ka ja layi biyu masu tsawon santimita 3, tsakaninsu santimita 4, ka yanka su. Harshen da ya fito tsakaninsu ka ninke shi gaba, ka mayar baya, ka miƙar. Buɗe katin, ka tura harshen ciki da yatsa ta baya, ka rufe a hankali ka danne. Da ka sake buɗewa za ka ga ɗan dakali ya tsaya a kusurwa.

In tsaga ɗaya ta fi ɗaya tsawo ko da milimita 2 ne, dakalin zai karkace, katin ya riƙa turjewa wajen rufuwa. Kuma kada tsagar ta wuce santimita 7, domin in an rufe, dakali yana miƙewa ninki biyu na tsawonta, sai ya leƙo waje.

A goshin dakalin ake liƙa hoto, misali rumbu da hular ciyawarsa. Ga lissafin da zai cece ka: tsayin hoton da zurfin dakalin in aka haɗa kada su wuce faɗin shafi. Dakali mai santimita 3 a shafi mai 14.8 ba zai ɗauki rumbun da ya wuce 11.5 ba. Gam a goshi kaɗai ake sa shi, kuma gindin hoton ya ɗan ɗaga daga daɓen kamar kaurin farce, don kada ya toƙare.

Kowane sabon ninkin kwari da dakali ya haifar, shi ma ana iya yanka ƙaramin dakali a kansa. Da haka ake fitar da matakala, da katanga bayan katanga, da soro mai zanko. Wani farfesan zanen gine-gine a Japan, Masahiro Chatani, ya shahara tun farkon shekarun 1980 da fitar da gini sukutum daga takarda guda ta wannan hanya. Idan kana son dakali mai tsayi amma marar zurfi, ninkin tudunsa ba zai zauna a layin tsakiya ba. Ƙa'idar ita ce tsayin goshi ya yi daidai da nisan da ke tsakanin ninkin tsakiya da inda dakalin ya kama bango, faɗin samansa kuma ya yi daidai da nisan ninkin tsakiya da inda ya kama daɓe. A buɗe ake zana irin wannan, da reza ake yanka shi, ba almakashi ba.

Ramin da ya rage a baya ana rufe shi da wani katin. Liƙa shafi ɗaya tukuna, ninki cikin ninki, ka rufe, sannan ka liƙa ɗayan. Gam kada ya kusanci dakalin.

Bakin tsuntsu bai kai wannan wuya ba: tsaga ɗaya ce mai santimita 4 daga ninki, ka ninke kusurwoyin biyu sama da ƙasa su zama kamar alwatika, ka tura su ciki. Yara sun fi son sa da komai.

Gwafa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Gwafa ta katin da ake buɗewa ya baje gaba ɗaya ce, abin ya tashi a tsakiyarsa. Da wata takarda daban ake yin ta, a liƙa ta a kan layi biyu da suka rabu daga ninkin tsakiya kamar bakin gwafa.

Yanki kwali mai faɗin santimita 12 da tsayin 11. Shata layi a tsaye a tsakiyarsa ka ninke. Shata wani a kwance, santimita 1 daga ƙasa. Wannan siririn shi ne kunnen liƙi. Tsaga shi a tsakiya ya zama kunne biyu, ka ɗan rage kusurwoyinsu, ka ninke su baya. Abin da ya rage a sama, 12 da 10, shi ne za ka yanka ya zama kuka ko ƙofar gari.

A jikin katin, auna santimita 9 daga saman ninkin tsakiya ka ɗiga fensir. Daga wannan ɗigo ka ja layi biyu, dama da hagu, suna gangarowa wajenka, kowanne digiri 45 daga ninkin. Sa gam a kunne ɗaya, ka ɗora ninkinsa a kan layinsa, tsinin gwafar ya zauna cif a kan ɗigon. Yanzu kada ka yi ƙoƙarin saita na biyu da ido. Ninke abin ya kwanta, shafa gam a kunnen da ke kallon sama, ka rufe katin a kansa ka danne da tafin hannu minti biyu. Katin da kansa zai ɗauki kunnen ya ajiye shi inda ya kamata.

Kusurwa biyu ce take mulkin gwafa: ta kan shafi, wato 45 ɗin nan, da ta jikin abin, tsakanin ninkinsa na tsaye da layin kunne. In ta jiki digiri 90 ce, abin zai tsaya ƙyam. In ka rage ta zuwa 70 sai ya sunkuyo gaba, in ka ƙara ta haura 90 ya kishingiɗa baya. In ta yi daidai da ta shafi ba zai tashi ba sam, in kuwa ta gaza ta, katin ba zai buɗu duka ba, wanda ya matsa masa sai ya yaga kunnen. Ka yi guda uku da farar takarda, 70 da 90 da 110, ka jera su ka kalla. Bayanin shafi goma bai kai wannan ba.

Dalilin santimita 9 ɗin nan kuwa, in ana rufewa abin yana faɗawa ne ta inda tsinin gwafa ya nuna, kuma mai tsayin 10 yana cin wajen santimita 7 ta can. In ka kai ɗigon kusa da sama, kan kukar zai fito waje. In tsinin ya goce daga ninkin tsakiya, za ka ji katin yana ƙara yana turjiya, daga baya kunne ɗaya ya ɓalle. Mai ɗan goce kaɗan ba ya gyaruwa da ƙarin gam, sai dai a ɓare a sake.

Faifai da abin ja

Faifai ya girmi duk sauran: tun ƙarni na 13 wani malamin coci a Ingila, Matthew Paris, ya sa takarda mai juyawa a littafinsa don lissafin ranakun bukukuwa. Ga malamin firamare ko na Islamiyya abu ne mai amfani. Yanki da'ira mai faɗin santimita 10, wadda daga baya za ka rubuta baƙaƙe ko lambobi a kewayenta, ka huda taga a shafin da zai rufe ta, ka bar gefenta ya ɗan leƙo don yatsa. Maɓalli biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, a ɗinke su da zare ta tsakiya, sun isa su riƙe ta. Kada ka ja zaren ya yi tsauri. Ka fara haɗawa, sannan ka yi rubutun ta cikin tagar kana juyawa, don kowane baƙi ya faɗo daidai.

Harshen da ake ja hoto ya motsa, wanda Bajamushe Lothar Meggendorfer ya yi suna da shi a ƙarshen ƙarni na 19, ka bar shi sai hannu ya faɗa. In ka zo kansa, ka ninka harshen gida uku don ya yi ƙwari, ramin da zai bi kuma ya fi shi faɗi da milimita 2.

Haɗa littafi da adana shi

Kowane buɗi ka gama shi daban, sannan ka liƙa bayan wannan da bayan wancan, kana barin santimita 1 ba gam kusa da ninki. Buɗi huɗu ko biyar sun isa littafin farko. Ka tara su ka auna kaurinsu a rufe kafin ka yanka bango, don gadon bayan bangon ya ɗauke su. In ya yi kaɗan littafin zai zauna baki buɗe.

Da hunturu kwali yana bushewa ya riƙa tsagewa a ninki, gam kuma yana kamawa kafin ka saita, don haka kunne ɗaya-ɗaya za ka riƙa shafawa. Da damina akasin haka ne: takarda ta yi laushi, gam ya daɗe bai bushe ba. Ka sa aikin tsakanin katako biyu, ka ɗora bulo, ya kwana. Kafin ka danne, ka saka yankin leda a duk inda gam zai iya tsattsafowa, in ba haka ba da safe ka tarar shafi biyu sun zama ɗaya. Wanda ya bushe ka sa shi a leda cikin akwatin ƙarfe, nesa da bangon ƙasa saboda gara, musamman in da ƙullin sitaci ka yi liƙi, don kyankyaso yana bin sa ya cinye har da takardar.