Kumbura da Tsira: Inda Ɗalibai Suke Tuntuɓe

Duk shekara idan na zauna duba takardun jarrabawar ƙirar kalma, kuskure ɗaya nake fara cin karo da shi: ɗalibi ya haddace cewa tsira ita ce ke sauya ajin kalma (misali daga aikatau zuwa suna), kumbura kuwa ba ta sauyawa, ya tsaya nan. Rabin maganar gaskiya ce. Yaro da yara, malam da malama, fari da farare, duk kumbura ce, jinsi ko adadi kawai ya canja. Amma sarki da sarauta fa? Duka sunaye ne, kuma sarauta ba wani nau'in sarki ba ce, sabuwar kalma ce ta tsiro. Haka aboki da abokantaka, Katsina da Bakatsine. Maimakon neman aji, tambayi kanka: kalmar nan ta cancanci gurbinta daban a ƙamus? In ta cancanta, tsira ce.

Wasu kuma wurin ɗafi suke kallo, wato guntun da ake liƙa wa kalma, wai ɗafa-goshi (na farkon kalma) na tsira ne, ɗafa-ƙeya (na ƙarshenta) na kumbura. Lallai ma- da ba- tsira suke yi, kamar a mabuɗi da Bahaushe, amma -anci na Hausanci a ƙeya yake, shi ma tsira ce. Birni da birane kuwa ɗafa-ciki ne, aikinsa jam'i.

Inda abin ya fi damuna shi ne aikatau. Ɗalibi ya karanta misalan Ingilishi, inda ake liƙa wa aikatau alamar lokaci, sai ya zo yana laluben irinta a Hausa. A "ya tafi" da "zai tafi", tafi bai motsa ba, lokacin yana jikin kalmar da ta gabace shi. Abin da ke sauya ƙarshen aikatau namu shi ne giredi, wato rukunonin aikatau da masanin Hausa Parsons ya tsara a 1960. Dubi saye, sayo, sayar, sayu. Wanda ya sayo goro da wanda ya sayar da shi ba abu ɗaya suka yi ba, shi ya sa nake tare da masu sanya giredi a ɓangaren tsira.

Kalma guda kuma takan ɗauki biyun. Daga noma manomi ya tsiro, sannan ya kumbura zuwa manomiya da manoma. In aka ba ka manoma a jarrabawa, fara ware tsirar, kana ka nuna jam'in.