Kurakuran da yaran kamfen ke maimaitawa idan aka zo maganar tsadar rayuwa

Duk kakar zaɓe sai an ɗebo sababbin yara, a raba masu waya da kuɗin data, a ce su ne bakin ɗan takara. Kuma ramin da na baya suka faɗa, shi suke faɗawa. Na gaji da gyara su ɗaya bayan ɗaya.

Babban kuskuren shi ne jayayya da aljihun mutum. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya yadda take lissafin hauhawar farashi, sai adadin ya sauko daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairu. Nan da nan yara suka cika Facebook da cewa kaya sun yi sauƙi. Ina! Ko da ba a taɓa ma'aunin ba, saukar wannan adadi ba ta nufin kaya sun sauko. Suna ci gaba da hawa, gudun ne ya ragu. Magidancin da ya auno gero da safe ya san abin da ya biya, kai kuma kana gaya masa ƙarya yake ji a jikinsa.

Wannan halin ya taɓa ja mana asara. Gab da zaɓen 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa mutane ke wuni a layin banki, masu POS na cirar rabonsu, wani yaronmu ya shiga rediyo yana zuba bayanin alfanun tsarin. Wani dattijo ya bugo waya ya ce, "Ɗana, yau da wane kuɗi aka yi cefane a gidanku?" Yaro ya hau kame-kame. Kafin gari ya waye abokan hamayya sun yanko wurin suna yawo da shi a WhatsApp, muka share mako muna wanke kai maimakon neman ƙuri'a. Tun daga nan ba na barin kowa ya shiga gidan rediyo sai ya leƙa babbar kasuwa ranar, ya dawo mini da farashin tiyar masara, gero, shinkafa da kwalbar mai. In an tambaye shi, ya fara da cewa eh, ana shan wuya, sannan ya faɗi abin da mai gidansa zai yi. Wanda yake ganin amsa wannan zubar da ajin jam'iyya ne, ya zauna gida.

Na biyu, saƙo ɗaya ga jiha irin Katsina mai ƙananan hukumomi 34. Haba! Faɗuwar farashin masara albishir ce ga ma'aikaci a cikin Katsina, amma manomin Dandume, Bakori ko Funtuwa da ya sayi taki da tsada, ya zo kaka buhu ya karye, ta'aziyya yake jira. Ka je masa da murna, ka rasa shi da 'ya'yansa. A Jibiya da Mai'aduwa kuwa maganar iyaka ce: an rufe ta a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris 2024. Can, ba ka taɓo wannan ba, ba ka ce komai ba. Ni takarda daban nake rubuta wa shiyyar Funtuwa, daban ta Daura, daban ta Katsina.

'Yan adawa, ku ma da naku. Shugaban ƙasa ne ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Kuna ɗora wa gwamna, mai sauraro ya san ba shi ba ne. Ku tambayi abin da aka yi da ƙarin kason da jihohi ke samu tun lokacin, wannan ce tambayar da ke da haƙora.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sa tsohon hoton kasuwa, wani zai gane rumfarsa. Kada ka cika shiri da Turanci. Zagin iyayen abokin hamayya tausayi yake sama masa. Labari mara daɗi ya fito da safe, ka amsa kafin azahar, don in ka kai dare sojojin baka sun riga sun yi masa fassara. Dokar zaɓe ta 2022 kuma ta ce a tsayar da kamfen sa'o'i 24 kafin ranar jefa ƙuri'a, saboda haka tallar da ka biya wa gidan rediyo, ka kira ka tabbatar an cire ta.