Yadda za ku taimaki yaro a karatun intanet ba sai kun zama malaminsa ba

Tun 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu, har UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce abin ya shafi ɗalibai sama da biliyan 1.5, karatu ta intanet ya shigo gidaje kuma bai fita ba. Iyaye da yawa miƙa wa yaro waya kawai suke yi su ce to je ka yi karatu, shi kenan, sai sakamako ya fito a zo ana mamaki.

Abu na farko, kafin ranar fara aji ku san manhajar da makarantar ke amfani da ita. Zoom ne, Google Meet ne, Google Classroom ne, ko a guruf ɗin WhatsApp malam yake turo darasi. Ku sauke ta, ku buɗe wa yaro akawun, ku gwada tare da shi yadda ake shiga ta linki, yadda ake kashe makirfo da kunna shi, da inda ake dannawa a ɗaga hannu. Kar ku bari sai malam ya fara bayani ku kuma kuna can kuna neman fasawod. Idan Zoom na kyauta malam ke amfani da shi, bayan minti 40 yana yankewa, ku gaya wa yaro ba ajin ne ya ƙare ba, ya sake shiga.

Sai wurin zama. Ko kusurwar ɗaki ce ta isa, in dai akwai tebur da haske kuma nesa da talabijin. Kan gado dai a'a, barci zai yi. A yi cajin na'ura tun da dare. Idan data ke ba ku wahala ko netwok na rawa, bidiyo ne ke cinye ta, ku nemi malam ya yarda yaro ya riƙa kashe kamara wani lokaci, darasin da aka ɗora kuma a sauke shi sau ɗaya a ajiye.

Na uku lokaci. Ya tashi da wuri, ya yi wanka, ya sa kaya kamar mai fita makaranta, wannan ɗan abin yana gyara masa hankali sosai. Likitocin yara na cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, saboda haka waya ba ta kwana a ɗakinsa. Ido ma yana gajiya, duk bayan minti 20 ya ɗaga kai ya kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20.

Kuma fa wayar da yake karatu da ita, ita ce dai mai YouTube da gem. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, da ita za ku iya rufe wasu manhajoji ku sa iyakar lokaci. Ku gaya masa kun sa, da dalilin sawa, don in ya gano a ɓoye kuka yi sai ya fara neman hanyar zagayewa, kuma yaran yanzu sun fi mu sanin waya.

Inda aka fi samun matsala shi ne bibiya. Wasu iyayen ba sa dubawa sam, wasu kuma sai su zauna kusa da yaro suna raɗa masa amsa, har asamen su yi masa. Gaskiya na biyun ya fi ɓarna, saboda malam zai ɗauka yaron ya gane ya wuce gaba, ranar jarrabawa kuma ba kwa nan. Maimakon tambayar "ka yi karatu?" wadda amsarta kullum "eh" ce, ku ce masa "zo ka koya min abin da aka koya maka yau". Cikin minti biyar za ku san ko yana ajin ko kunne kawai ya ajiye. Inda ya kakare ku bar shi ya ɗan yi fama tukuna, sannan ku nuna masa hanya, amsar kuma shi zai rubuta da hannunsa.

Idan Google Classroom ne, ku roƙi malam ya sa imel ɗinku a matsayin mai kula da yaro, za a riƙa turo muku taƙaitaccen bayanin aikin da bai miƙa ba da wanda ke tafe. In kuka ga ya fara ƙin shiga aji ko ya yi shiru da yawa, wataƙila kewar abokai ce ba lalaci ba, ku samar masa lokacin wasa da sa'o'insa, ku kuma tura wa malam saƙo a makon nan kar a jira ƙarshen zango.