Kurakuran da aka fi yi a wasan kacici-kacici na fim ɗin The Lord of the Rings, da yadda ake gyara su

Mu dai a majalisarmu abin ya fara ne kamar wasa, wani dare da babu wuta kuma cajin kowa ya kusa ƙarewa, sai ɗaya daga cikinmu ya ce ƙulun ƙulufita, muka ce gauta muna dariya, sai ya jefo mana tambaya amma ba irin ta tatsuniyar kaka ba, a kan fim ɗin zoben nan ya ɗaure ta. Tun daga ranar duk Juma'a da daddare sai an yi, wanda ya kasa ya ba da gari kamar yadda aka saba tun muna yara. Yanzu ni ne na fi yawan shirya tambayoyin, kuma wallahi kuskure iri ɗaya nake ganin ana ta maimaitawa, har wanda ya kalli fim ɗin sau goma.

Babban abin da ke kayar da mutane shine basu tsayawa su tambayi kansu wai wannan kacici-kacicin daga littafi yake magana ko daga fim. Marubucin, Tolkien, ya fitar da littafin kashi uku tsakanin 1954 da 1955, shi kuma darakta Peter Jackson ya yi fina-finan a ƙasar Niyu Zilan suka fito 2001, 2002 da 2003, kuma ba komai ya ɗauko yadda yake ba. Mai shirya tambaya mai wayo a wannan tsagar da ke tsakaninsu yake ɓoye amsa. Na taɓa cewa: "Dokina ne ya tsallake kogi da mara lafiya, amma da aka zo majigi sai aka ba mace aikina." Kafin in rufe baki mutum uku sun ce Arwen. Toh ai Arwen ita ce macen da aka ba aikin, mai maganar fa? Glorfindel ne, wanda a littafi shi ya haɗu da su Frodo, mai ɗauke da zoben, a hanya ya ɗora shi a kan dokinsa, fim ɗin kuma ya cire shi daga wurin gaba ɗaya. Gyaran mai sauƙi ne, duk lokacin da kaji kalma irin majigi, darakta, allo, takarda ko shafi a cikin tambaya, ka san ana nuna maka bambanci ne, sai ka jero bambance-bambancen da ka sani a ranka kafin ka buɗe baki. Ba su da wuyar riƙewa: mutuwar Boromir a farkon littafi na biyu take amma fim ya kawo ta ƙarshen na farko, ƙatuwar gizo-gizon nan Shelob a littafi na biyu take amma sai a fim na uku aka ganta, rundunar Elf (wata ƙabila ce a labarin da ba mutane ba) da ta zo taimako a yaƙin Helm's Deep aikin fim ne kawai, sannan tsakanin bikin cikar Bilbo, wanda ya riƙi Frodo, shekara 111 da fitar Frodo daga gida shekara 17 ne a littafi, Frodo yana da 33 ya karɓi zoben ya tafi yana da 50, a fim kuwa kamar jiya da yau.

Shi kansa fim ɗin ma ba ɗaya bane, kuma nan ne rigima ta fi tashi. Akwai wanda aka nuna a sinima, akwai kuma mai tsawon da aka fitar daga baya da ƙarin wurare. Ranar da na ce "wurin mutuwata biyu, a na uku kuma ba a ma nuna na mutu ba", saura kaɗan a yi faɗa. Saruman ne, mai sihirin da ya koma ɓangaren mugunta. A littafi can ƙarshe a ƙasar su Frodo yaronsa Wormtongue ya kashe shi, a fim mai tsawo a saman hasumiyarsa yaron ya soke shi ya faɗo, a na sinima kuwa an yanke wurin kwata-kwata. Abokinmu ɗaya na sinima kawai ya taɓa gani a waya, ya dage wai ƙarya nake bai mutu ba. Idan zaku fara wasa ku yi yarjejeniya tun farko wane zubi ake bi, in ba a yi ba kuma kai mai amsa kana da haƙƙin tambaya, ba ragwanci bane. Akwai ma katun na Ralph Bakshi na 1978, amma mu mun haramta shi don babu mai shi a cikinmu.

Sai kuma gaggawa. Mutum ya ji kalma ɗaya da ya sani ya kama ta ya ruga. "Baki ɗaya, mutum biyu, ɗaya gajere da gatari, ɗaya dogo da ganye a ka." Da jin mutum biyu kowa sai Gollum, tunda shine mai magana da kansa. To ina gatarin, ina ganyen? Amsa sai ta ɗauki kowace gaɓa ta tambaya, in ta bar ɗaya a ƙasa ba ita bace. John Rhys-Davies ake nufi, shi ya fito a Gimli wada mai gatari kuma muryarsa ce ta Treebeard, bishiyar nan mai tafiya. Kaga wannan ya kawo wani kuskuren, na mantawa cewa amsar tana iya zama ɗan wasa ba wanda ke cikin labari ba. Idan tambaya ta ambaci baki, murya, fuska ko riga, ka leƙa bayan kyamara. Bilbo ma fuska biyu gare shi, Ian Holm a tsufa, Martin Freeman a ƙuruciya cikin fina-finan The Hobbit, labarin da ya gabaci wannan, na 2012 zuwa 2014.

Yanzu ga wanda na fi jin daɗinsa, kuma shine wanda masu ilimin littafin suka fi faɗuwa a kai, ƙila don sun yi nisa da yawa. Wani lokaci tambayar ba ta neman sanin labari sam, wasa ne da sautin suna. Na ce: "Da damina ina hana ka barci, a fim kuma ido ɗaya gare ni a kan hasumiya." Wani malamin makaranta a cikinmu ya yi ta lissafo dodanni da tsuntsaye, sai ƙaramin cikinmu da ko littafin bai taɓa gani ba ya ce Sauron, wato sauron damina. Haka kuma "farkona ana tauna shi a miya, ƙarshena harafi biyu ne marasa wasali", ganda kenan sai l da f, Gandalf, tsohon nan mai sihiri da ke jagorantar su Frodo. Ko "wadanni sun ci ni, daga baya suka mutu a cikina", cin moriya, wato Moria, ramin haƙar da suka zurfafa har suka tono abin da ya fi ƙarfinsu. Wanda ya fi ba ni dariya shine: "Ka tambaye ni ko zan rabu da maigidana, amsar da zan baka ita ce sunana." Sam! Sunan yaron Frodo kenan. Aka yi shiru kusan minti biyar, amsar tana bakin kowa, har wani yana cewa shi sam bai gane ba, ya faɗi amsa bai san ya faɗa ba. Maganin wannan shine in ka bi labari ka rasa, ka koma ka furta sunayen da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya da kunnen Bahaushe, kaji wanne ya yi kama da kalmarmu. Kalmomi irin farkona, ƙarshena, cikina, juya ni, sunana, duk alama ce cewa haruffa ake wasa dasu, a ajiye tarihi gefe.

Shi ma labarin ya koyar da wannan dabarar in mutum ya lura. A ƙofar Moria rubutun da ke sama yana ɗauke da amsarsa, abin da ake so kawai a faɗi kalmar aboki da yaren Elf, mellon, amma Gandalf da duk iliminsa ya zauna yana ta gwada manyan kalmomin tsafi. Wannan wurin ma tarko ne a wasa, don a littafi Gandalf ne da kansa ya gano a ƙarshe yana yabon Merry, abokin tafiyarsu, da ya fara yin tambayar da ta dace, a fim kuma Frodo aka ba. Duk wanda ya tambaye ka wa ya buɗe ƙofar ka ce masa a ina, littafi ko fim.

Lissafi kuma ba sai na daɗe ba, haddace shi kawai za a yi. Zobba 20 ne, 3 na Elf, 7 na wadanni, 9 na mutane, 1 na maigidan, wato Sauron. Tara biyu ne a labarin, 'yan tafiya tara da mahayan baƙaƙen dawakai tara, sai ka duba wacce ake nufi. A The Hobbit wadanni 13 ne, Bilbo ya cike na 14. Sha ɗaya kuma in ta fito yawanci kyaututtukan Oscar ɗin da fim na uku ya ci ake nufi. Sannan don Allah a daina haɗa Sauron da Saruman, ɗaya ido ne, ɗaya tsoho ne mai farin gemu da Christopher Lee ya fito a matsayinsa, mun daina karɓar "wannan mugun dai".

Sunaye ma suna rikita mutane, don mutum ɗaya sai ya tashi da uku ko huɗu. Aragorn shine Strider, shine Elessar, shine Estel, Gandalf shine Mithrandir. Wani sai ya ƙi amsar ɗan uwansa alhali daidai ce, sunan ne kawai bai sani ba.

Akwai laifin masu shirya tambaya kuma, ni ma na taɓa yi. Kacici-kacici dole ya zama wanda aka tambaya zai iya kaiwa ga amsar da tunani. A babi na biyar na The Hobbit, littafin 1937, Bilbo da Gollum sun yi irin wasan nan cikin duhu a bakin ruwa, amsoshin duk abubuwan da kowa ya sani ne, dutse, haƙora, iska, ƙwai, lokaci, har sai da Bilbo ya rasa abin cewa ya tambayi abin da ke aljihunsa, Gollum ya ce wannan ba adalci bane, kuma gaskiyarsa. Tolkien ma sai da ya sake rubuta babin a bugun 1951, don a na farko zoben ne Gollum ya yi niyyar bayarwa kyauta in an cinye shi. Mu yanzu duk tambayar da ta dogara da abin da mai ita kaɗai ya sani, irin minti nawa ne kaza ya faru, muna kiranta tambayar aljihu kuma mai ita ne zai ba da gari. Haka wadda amsarta ta wuce ɗaya. Tawa ta Sam ɗin ma an ƙalubalance ta, wani ya ce ai a fim na uku Sam ya juya ya sauka daga matakala, nace Frodo ne ya kore shi kuma ya dawo, sannan wannan wurin babu shi a littafi, aka yi ta ja har mai shayi ya fara tattara kofuna, a ƙarshe dai aka bar min.

Sai maganar waya. Mun hana bincike a intanet, amma ko ba hani, tambayar da aka ɗaure da Hausa irin ta sauro da ganda Google ba zai yi maka komai ba. Abin da ya fi amfani shine kar ka yi saurin ba da gari, ka nemi a maimaita maka tambayar a hankali sau biyu, ka raba ta gaɓa-gaɓa, ka tambayi kanka littafi ne, fim ne, ɗan wasa ne ko sauti ne. Ni na lura rabin waɗanda suka ba da gari da an maimaita musu da sun ci.

Ta makon jiya har yanzu ba wanda ya warware ta, an bani Zariya an bani Maraɗi na ƙi karɓa: "Na sa zobe bai ɓoye ni ba, amma darakta ya ɓoye ni." Alamar da zan ƙara kawai ita ce takalminsa rawaya ne, yana yawan waƙa, kuma wanda fim kawai ya kalla ya haƙura ya aro littafi na farko kafin Juma'a.