Mai keke a mahaɗar titi a Akra: motar da za ta karya kwana ita ce abin lura

Ɗan'uwa, in ka sauka Nima ko Mamobi ka sayi keke, hannun tuƙi ba zai ruɗe ka ba. Tun 1974 Ghana ta koma hannun dama, irin na Najeriya da Nijar. Wurin da ake jin ciwo shi ne mahaɗa.

A ƙa'ida, mai miƙewa ne ke da hanya, mai karya kwana ya jira. Amma kana gefen dama, kusa da kwata, trotro, wato ƙaramar bas ta haya, yana hagunka. Yaron mota ya hango fasinja, ya buga ƙofa, direba ya yanko dama ba sigina, ya matse ka. Shi ya sa kada ka tsaya a kan fitilar sigina, tayar gaba za ka duba. Da ta fara karkatowa, riƙe burki biyu tare. Na gaba kaɗai zai iya wuntsila ka.

Tifa da tirela sun fi muni. Sukan buɗe hagu tukuna kafin su shiga dama, sai ka ga fili ka zaci an ba ka hanya. Kada ka shiga! Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ta ciki suke yankowa, kuma daga saman kujerarsa direba ba ya ganin ka. A danja, ko dai ka tsaya bayanta inda kake hango madubinsa, ko ka wuce gabanta sosai. Gefenta ba wurin tsayuwa ba ne.

Motar da ke fuskantar ka tana son juyawa hagu, gibin motoci take nema, ba keke ba. Tun saura kamar mita 20 ka waiwaya, ka ɗan fito daga bakin kwata zuwa cikin layi domin a gan ka.

In kai ne za ka yi hagu a babban titi irin Kanda Highway, raba shi biyu: miƙe ka tsallaka, ka tsaya, ka juya keken, ka jira danja ta sake ba ka hannu. A shataletale kuwa wanda ke ciki ne ke da hanya, daga hagunka zai fito. A Circle, wato babbar mahaɗar Kwame Nkrumah, da yamma, gaskiya gara ka sauka ka tura.

A nan duhu yana shiga da wajen ƙarfe 6 duk shekara, don haka sa farar fitila gaba, ja a baya, da hular kwano. In tsautsayi ya faru, riƙe lambar motar, kira lambar gaggawa 112, sannan a kai rahoto wurin 'yan sandan MTTD masu kula da zirga-zirgar motoci.